Ƙofar baya a manhajojin sirri: ana iya buɗe wa gwamnati ita kaɗai?

Kabiru Fagge
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni ga injiniyoyinmu da lauyoyinmu. Gwamnatoci da dama, irin su Ingila da Ostareliya, suna matsa wa Apple da WhatsApp da Signal su bar musu wata hanya ta karanta saƙonnin da aka kulle, da sharaɗin ba za a taɓa ta ba sai da umarnin kotu. Kamfanonin sun kafe cewa hakan ba zai yiwu ba sai an raunana tsaron kowa. Gaskiya suke faɗa, ko kasuwarsu suke karewa? Ƙasar da ke fama da masu garkuwa da mutane kamar tamu, ai tana da hujjar neman irin wannan hanya.

Injiniya Auwal
Wa alaikumus salam Malam Kabiru. A fara raba abu uku, domin cakuɗa su ne ke rikita maganar.

Na farko kiran waya na yau da kullum da saƙon tes. Kullen da ke kansu gajere ne, yana kare maganar ne kawai a iska tsakanin wayarka da kayan kamfani. Da ta shiga cibiyar kamfanin, a buɗe take. Na'urar haɗa kira tana da sashe na musamman: a shigar da lambar mutum, duk kiran da ya yi ko aka yi masa sai ta kwafi muryar ta tura wa hukuma. Mai wayar ba ya jin ƙara, batirinsa ba ya saurin ƙarewa, babu wata alama. Amurka ta wajabta wa kamfanonin waya gina wannan sashe tun 1994 da dokar CALEA, kuma yawancin ƙasashe suna da irinta. Nan babu muhawara, ƙofar tana nan tuntuni.

Na biyu manhajojin da ke kulle saƙo daga waya zuwa waya. Mabuɗin yana cikin wayoyin biyu, kamfani kuwa dako kawai yake yi na abin da ba ya iya karantawa. Signal haka take, WhatsApp ta koma haka gaba ɗaya a Afrilun 2016. A nan rigimar take.

Na uku wayar kanta. In aka shiga cikinta da manhajar leƙen asiri irin Pegasus, zancen kulle ya ƙare, domin ana karanta saƙon ne a inda kai ma kake karanta shi.

Barista Hadiza
In ƙara da ɓangaren doka a Najeriya, tunda Malam Kabiru ya kawo mu gida. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganar waya, amma sashe na 45 ya ba da damar taƙaita haƙƙin saboda tsaro. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ce kamfanoni su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwa na shekara 2, kuma alƙali zai iya ba da umarnin tatsar abin da ke cikin sadarwa. Sai ƙa'idojin NCC na 2019 kan tatsar sadarwa bisa doka. Su ne suka ce kamfani mai lasisi dole ya girka kayan da za su ba da damar saurare, suka kuma ba hukuma damar farawa ba tare da umarnin alƙali ba in akwai gaggawa, muddin ta nemi umarnin cikin awa 48. Har da tanadin neman a miƙa mabuɗi idan abin da aka tatsa a kulle yake. To matsalar, mabuɗin WhatsApp ba ya hannun kamfanin layi, ba ya ma hannun Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp. Dokar tana neman abu a wurin wanda ba shi da shi.

Malam Nuhu
Barista, ai nan ne nake ganin kamfanonin sun yi wayo. Da gangan suka gina abin yadda ba za su iya bin umarnin kotu ba. Kotu tana da ikon sa a fasa gidan mutum a bincika, tana da ikon buɗe asusunsa na banki. Me ya sa waya za ta zama wurin da alƙali bai isa ba? A ajiye mabuɗi na biyu, a raba shi gida biyu, rabi wurin kotu rabi wurin wata hukuma, kar a haɗa sai da waranti. Ban ga abin da ya gagari injiniyoyi a nan ba.

Dokta Safiya
Malam Nuhu, abin da ka zayyana an gina shi, kusan kamar yadda ka faɗa. A Afrilun 1993 gwamnatin Clinton ta fito da Clipper, wani ɗan guntun na'ura da NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, ta tsara don a sa a wayoyi. Yana kulle magana da tsarin Skipjack mai mabuɗin bit 80 (bit shi ne ƙwayar lissafin kwamfuta, 0 ko 1). Kowane guntu yana da mabuɗinsa na dindindin, an raba shi biyu, rabi wurin NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, rabi wurin Ma'aikatar Baitulmali. Duk kiran da aka fara, wayar tana aika wani ɗan ƙunshi mai bit 128 da ake kira LEAF, a cikinsa akwai mabuɗin wannan kiran a kulle, yadda hukuma za ta iya ciro shi. Wayar da ke ɗaya ɓangaren ba ta karɓar kiran sai ta ga LEAF ɗin daidai ne.

Inda abin ya lalace shi ne yadda take gane daidai ne. Lambar tantancewar bit 16 ce kacal. A 1994 Matt Blaze na AT&T ya nuna cewa in ka yi ta cusa wa na'urar ƙunshin banza, a kimanin gwaji 65,536 ɗaya zai dace, aikin kusan minti 42. Sakamakon haka mai laifi zai yi kiransa a kulle da LEAF na bogi, hukuma ta haɗa rabi da rabi ta tarar da shirme. Mai gaskiya ne kawai ya rage a cikin tarkon. Zuwa 1996 shirin ya mutu.

Malam Nuhu
Wannan kuskuren gini ne, Dokta. A ƙara lambar ta zama bit 64, shi ke nan.

Dokta Safiya
Haka ne, wannan ramin ana iya cike shi. Wanda ba a iya cikewa shi ne na Juniper, kuma ina roƙon a bi shi a hankali.

Duk wani kulle yana dogara ne da lambobin da ba a iya cankarsu, daga su ake ƙera mabuɗi. A 2006 NIST ta amince da wani injin samar da irin waɗannan lambobi mai suna Dual_EC_DRBG. A cikinsa akwai ƙayyadaddun lambobi biyu, P da Q. In wanda ya zaɓi Q ya san wata lamba ta sirri da ke haɗa ta da P, to da ya ga bayit 32 (bayit ɗaya bit 8 ne) na abin da injin ya fitar zai gano halin da injin yake ciki, ya lissafo duk lambobin da za su biyo baya. Injin yana yanke bit 16 ne kawai daga abin da yake fitarwa, cankar su kuwa ba komai ba ne ga kwamfuta. Ma'aikatan Microsoft biyu, Dan Shumow da Niels Ferguson, sun bayyana wannan a 2007. Bayan takardun sirrin NSA da Edward Snowden ya fallasa a 2013, Reuters ta ruwaito cewa NSA ta biya kamfanin RSA dala miliyan 10 ya sa wannan injin ya zama zaɓin farko a manhajarsa ta BSAFE. NIST ta janye shi a 2014.

Ta fuskar lissafi, wannan ita ce ƙofar baya mafi tsafta da aka taɓa gani, domin mai lambar sirrin ne kaɗai zai iya shiga. Juniper, mai ƙera na'urorin tsaron sadarwa ga kamfanoni da gwamnatoci, ya sa injin a wata sigar ScreenOS, manhajar da ke tafiyar da na'urorinsa, a 2008 da wata Q tasa. A wannan sigar ce kuma aka ƙara tsawon wata lamba da na'urar ke aikawa a fili daga bayit 20 zuwa 32, daidai abin da mai hari yake buƙata. A 2012 wasu suka kutsa cikin rumbun manhajar kamfanin. Ba su gina sabuwar ƙofa ba. Q kawai suka canza, suka sa tasu. Daga nan duk wanda ke riƙe da sirrin sabuwar Q zai iya warware sadarwar VPN, wato rufaffiyar hanyar sadarwa ta intanet, da ta bi ta waɗannan na'urori. Juniper bai sanar ba sai Disambar 2015. Shekara 3 kenan, kuma babu na'urar da ta yi kuka, domin komai yana aiki yadda aka tsara.

Injiniya Auwal
Ga kuma misali daga ɓangaren layin waya, wanda ya fi kusa da abin da Barista ta ce an wajabta a nan. Girka, 2004, dab da wasannin Olamfik na Atina. Na'urorin haɗa kira na Vodafone ƙirar Ericsson AXE ne. A wata sabuntawa da aka yi musu, sashen saurare na doka ya shigo cikin manhajar, amma kamfanin bai sayi ɗaya ɓangaren ba, wato wanda ke karɓar umarni ya kuma rubuta wanda aka saurara da wanda ya ba da izini. Wasu ƙwararru suka dasa manhaja mai layin rubutu kusan 6,500 a na'urori 4. Ta kunna sashen sauraren, ta ɓoye kanta daga jerin ayyukan da injiniyoyi ke dubawa, tana tura kwafin kira zuwa wasu wayoyin kati guda 14. Layukan da aka saurara sun haura 100, ciki har da na Firayim Minista Kostas Karamanlis da na ministocinsa da magajiyar garin Atina.

Ba binciken tsaro ne ya tona su ba. A Janairun 2005 masu kutsen sun yi wa manhajarsu gyara, gyaran ya sa wasu saƙonnin tes suka daina isa, bin sawun wannan matsala ne ya kai Ericsson ga abin. Sai Vodafone ya yi kuskure na biyu: a watan Maris ya cire manhajar nan take, masu wayoyin 14 suka farga suka kashe su, damar bin sawunsu ta tafi. An ci Vodafone tarar Yuro miliyan 76 a 2006. Abin lura shi ne masu kutsen ba su ƙera kayan saurare ba, wanda aka gina domin 'yan sanda suka ɗauka.

Ɗan Maraɗi
Kar a ce duk tsohon labari ne. A Oktoban 2024 aka bayyana cewa gungun masu kutse da ake kira Salt Typhoon, waɗanda Amurka ke dangantawa da gwamnatin Sin, sun shiga cikin AT&T da Verizon da Lumen da wasu kamfanonin, har suka kai ga tsarin da ake bi wajen cika umarnin kotu na saurare. Sin ta musanta. A Disambar shekarar jami'an FBI da na CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, suka shawarci Amurkawa su koma amfani da manhajojin da ke kulle saƙo. Idan ƙasar da ta fi kowa kuɗi da ƙwararru ta kasa tsare tata ƙofar, ina ga Nijar ko Najeriya, da kayan ma sayo su muke yi daga waje?

Sayen kaya daga waje ma wani babi ne. Kamfanin Crypto AG na Suwizalan ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin kulle saƙon gwamnati. A Fabrairun 2020 aka tabbatar cewa tun 1970 CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne suka mallake shi a ɓoye, suna raunana na'urorin da ake kai wa ƙasashen da suke son saurara.

Malam Nuhu
Na ji misalan, kuma ba na raina su. Amma ga abin da ba ku amsa ba. Apple yana da mabuɗi ɗaya da yake sa hannu da shi a kan duk sabuntawar iPhone. Wanda ya sace shi ya mallaki wayoyin duniya. Shekara da shekaru yana tsare da shi. Bankuna ma haka. Ashe ana iya tsare mabuɗi mai daraja in an so.

Dokta Safiya
Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarenka, Malam, kuma ta cancanci amsa ta gaske.

Bambancin farko yawan amfani ne. Mabuɗin sa hannu yana zaune a na'ura ta musamman, mutane ƙalilan ke kusantarsa, kuma ana fito da shi ne lokacin sakin sabuwar manhaja. Mabuɗin hukuma kuwa kullum za a yi ta amfani da shi, bisa buƙatu daga dubban ofisoshin 'yan sanda da kotuna a ƙasashe daban-daban. Dole a ɗauki ma'aikata masu yawa, a buɗe shafin karɓar buƙata, a riƙa tantance takardu. Kowane ɗaya daga waɗannan wurin shiga ne: takardar bogi, ma'aikacin da aka saya, akwatin imel ɗin ɗan sanda da aka kutsa. Mai gadin kasuwa da ke riƙe da makullin kowane shago, ko da amintacce ne, ɓarawo ya san ba sai ya fasa shago ɗari ba, aljihu ɗaya zai nema.

Na biyu, tsarin Signal, wanda WhatsApp ma ke amfani da shi, yana sauya mabuɗi ga kowane saƙo ya shafe na baya. Ko an ƙwace wayarka yau aka ciro mabuɗin da ke ciki, ba zai buɗe abin da aka tatsa a layi bara ba. Ajiye mabuɗi na biyu yana rusa wannan kariya baki ɗaya, domin an samar da abu ɗaya mai daɗewa da zai buɗe saƙonnin shekaru. Hukumomin leƙen asiri kuwa suna tara rufaffun saƙonni su ajiye, suna jiran ranar da mabuɗi zai faɗo hannunsu.

Na uku, wace gwamnati? In aka ba Ingila, da wace hujja za a hana Sin ko Rasha ko Saudiyya? A farkon 2025 aka ruwaito cewa Ingila, ƙarƙashin dokarta ta 2016, ta ba Apple umarni a asirce ya buɗe mata hanyar shiga rufaffiyar ajiyar iCloud. Apple ya gwammace ya janye wannan kariya daga masu amfani a Ingila a watan Fabrairu.

Raunin da aka saka da gangan kuma ba ya tafiya da wuri. A shekarun 1990 Amurka ta hana fitar da manhaja mai mabuɗin tsarin kulle na RSA da ya wuce bit 512. An sassauta dokar, amma tsohon tsarin ya ci gaba da kwanciya a cikin manhajoji, har 2015 da masu bincike suka nuna harin FREAK, inda ake yaudarar waya ko kwamfuta ta koma kan raunannen mabuɗin. Rediyon TETRA da 'yan sanda da jami'an agaji ke amfani da shi a ƙasashe da yawa, a 2023 masu bincike daga Holan suka gano cewa tsarinsa na TEA1 yana rage mabuɗin bit 80 zuwa 32, wato gwaji kusan biliyan 4.3, abin da kwamfutar cinya ke gamawa cikin ɗan lokaci.

Kabiru Fagge
To mu koma kan masu garkuwa. Mutum yana daji yana kiran iyalan wanda ya sace yana ciniki. Me ke hana a kama shi?

Injiniya Auwal
Ba kulle ba ne, Malam Kabiru. Kiran neman kuɗin fansa galibi ta layi na yau da kullum ake yinsa, wanda muka ce a buɗe yake. Kamfani yana da lambar layin, da IMEI na wayar, wato lambobi 15 da ke fitowa in ka danna *#06#, waɗanda ba sa canzawa ko an sauya sim. Yana da lokacin kira da tsawonsa da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauka.

Matsalar gano wuri ce. Ƙarfen sabis yawanci fuska uku gare shi, kowace tana kallon kusan digiri 120. A tsarin 2G ana auna nisan waya daga ƙarfe a matakai na kimanin mita 550, kuma ƙarfe ɗaya zai iya kaiwa kilomita 35. A cikin Kano, inda ƙarafa ke kusa da juna, sai a haɗa uku a matse wurin zuwa 'yan ɗaruruwan mita. A daji ƙarfe ɗaya ne ke gani, abin da za ka samu baka ne mai faɗin kilomitoci. Mai kiran kuma yakan yi tafiya zuwa inda sabis yake, ya kira, ya kashe wayar, ya koma. Kafin a matse shi sai an kai na'urar da ke kwaikwayon ƙarfen sabis kusa da wurin, a mota ko a jirgi, wayarsa ta kama ta, a bi ƙarfin siginar. Wannan yana buƙatar mutane a ƙasa da saurin kai ɗauki. Ko rufe sabis da aka yi a Zamfara a Satumban 2021 yana nuna cewa layin waya ne abin damuwar, ba rufaffen saƙo ba.

Barista Hadiza
Kuma ba a ce ba a kashe kuɗi ba. A 2013 Premium Times ta ruwaito kwangilar dala miliyan 40 da kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan intanet. A ƙarin kasafin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don kayan tatsar WhatsApp da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta ce alamu sun nuna suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu bin raunin SS7, tsohon tsarin da kamfanonin waya ke magana da juna ta kansa, don gano inda waya take da tatsar kira da tes. A Gana kuwa, a 2020 kotu ta ɗaure tsofaffin jami'ai uku kan cinikin kayan NSO, kamfanin da ke yin Pegasus, na dala miliyan 4.

Abin da ya dame ni a matsayin lauya shi ne sa ido. Ana neman waranti ba tare da wanda abin ya shafa ya sani ba, wannan dole ne. Amma bayan an gama, wa ke duba ko abin da aka yi ya tsaya inda alƙali ya ce? Kafin a nemi sabon iko, a nuna mana yadda aka yi da wanda ke hannu. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan adam ma, a shari'ar Podchasov da Rasha a Fabrairun 2024, ta yanke cewa tilasta wa Telegram raunana kullen kowa don a kai ga wasu tsiraru ya wuce gona da iri.

Malam Nuhu
Amma ku yarda cewa karanta saƙon masu laifi yana aiki. ANOM fa? FBI ce ta gudanar da manhajar a ɓoye, wayoyi kusan 12,000, saƙonni miliyan 27, aka kama mutum fiye da 800 a Yunin 2021. Ba don an karanta ba da ba a kama su ba. Ni har yanzu ina ganin akwai yaran da ake cutarwa da hare-haren da ake shiryawa a inda babu mai gani, kuma wannan farashi ne na gaske da ba a son ambata.

Dokta Safiya
Farashi ne na gaske, ban musa ba. Akwai binciken da zai tsaya cak saboda kulle. Sai dai ANOM waya ce da aka sayar a tsakanin gungun masu laifi, ba a taɓa wayar sauran jama'a ba. Haka shari'ar San Bernardino ta 2016: FBI ta nemi kotu ta tilasta wa Apple rubuta manhajar da za ta cire iyakar gwaji 10 na lambar sirri a iPhone 5C ta wani da ya kai hari a garin San Bernardino na Amurka, daga baya ta janye ƙarar domin wani kamfani ya buɗe mata wannan wayar guda. Aiki a kan mutum ɗaya yana da tsada, tsadar ce ke sa a zaɓi wanda ya cancanta.

In kana son ganin yadda manhaja mai kwafi na biyu take ƙarewa, dubi TeleMessage. Signal ce aka yi wa kwaskwarima don ta riƙa ajiye kwafin saƙonni a rumbu, kuma manyan jami'an Amurka suna amfani da ita. A Mayun 2025 aka kutsa rumbun. Shawarar da jami'ai biyu na GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Ingila, suka kawo a 2018, ta a riƙa saka ɗan sanda a hira a ɓoye kamar mutum na uku, ita ma sai an sa manhajar ta daina sanar da kai in an ƙara wani ko mabuɗi ya canza, alhali wannan sanarwar ce kaɗai ke nuna maka ɓarawo ya shigo.

Hajiya Rabi
Allah ya saka da alheri. Ɗan jarida ko lauya ko ɗan kasuwa da ke karanta wannan, me zai gyara a wayarsa yau?

Injiniya Auwal
Hajiya, a fara da ajiyar saƙonni, nan ne mafi yawan mutane ke zubar da sirrinsu. Hirar WhatsApp a kulle take, amma kwafin da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ya cikin wannan kullen sai ka kunna da kanka. Tun 2021 akwai zaɓin, a saitin hira, ƙarƙashin ajiya. Za ka sa kalmar sirri ko ka karɓi mabuɗi mai lamba 64. In ka manta kuma wayar ta ɓata, babu mai dawo maka da shi, don haka a rubuta a takarda a adana. A tuna kuma wanda kake hira da shi yana da nasa kwafin.

Sai tabbatarwa mataki biyu, lamba 6 da kai ka zaɓa. Ita ke tare wanda ya karɓi layinka ta hanyar sauya sim ko ya tatsi tes ɗin rajista. A sa wa sim ɗin kansa PIN. A leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, domin minti ɗaya da waya a hannun wani ya isa ya haɗa kwamfutarsa, daga nan yana ganin komai. Ga wanda magana da shi ke da nauyi, ku buɗe lambar tsaro mai lamba 60 ku gwada ido da ido, ku kunna sanarwar canjinta.

GB WhatsApp da 'yan uwanta a goge su. Ba ka san wanda ya haɗa su ba, kuma saƙonka a buɗe yake a cikinsu. Telegram kuma hirarta ta yau da kullum da ta zaure ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, sai hirar sirri tsakanin mutum biyu, wadda sai ka zaɓe ta.

Daga Android 12, wayoyin da kayansu suka yarda suna da maɓallin kashe 2G. Na'urar da ke kwaikwayon ƙarfen sabis takan ja waya zuwa 2G ne domin a can waya ba ta tantance ƙarfen. Amma a ƙauyukan da 2G ne kaɗai, kashewa yana nufin babu sabis. Sabunta waya kuma kar a yi wasa da shi: harin Pegasus na 2019 da ya shafi mutum kusan 1,400 ta kiran WhatsApp ya shiga, ko ba a ɗaga ba, kuma sabuntawa ce ta toshe shi. Mai iPhone da ke ganin ana farautarsa ya kunna yanayin kulle mai tsanani da Apple ya kawo a iOS 16.

Duk wannan ba ya ɓoye wa ka kira, yaushe, daga ina. Signal ce ta fi rage wannan: da kotu ta nemi bayanan wani asusu a 2016, abin da ta iya bayarwa shi ne ranar buɗe shi da lokacin da ya yi haɗi na ƙarshe.

Ɗan Maraɗi
Injiniya, manhajar da kowa zai iya karanta rubutunta fa, ita ma ana iya dasa mata?

Injiniya Auwal
Ana iyawa. A Maris 2024 aka gano ƙofa a XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux (tsarin da ke tafiyar da manyan kwamfutocin intanet da yawa), siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara 2 yana taimakawa har aka ba shi ikon sakin sabuwar siga. Bai sa mugun abin a rubutun da mutane ke karantawa ba, ya ɓoye shi a fayilolin gwaji da kuma matakin haɗa manhajar. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ta kafin ta kai ga manyan sigogin da kamfanoni ke amfani da su. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowace manhaja biyu ce: ana iya karanta rubutunta, sannan in wani daban ya haɗa ta daga wannan rubutun, abin da zai samu ya yi daidai da wanda ake saukewa? Signal ta Android tana ba da damar yin wannan gwajin na biyu, kuma matakan suna shafinta na GitHub ga mai kwamfuta da manhajar Docker.